Lissafin Daidaita Mota Da Nauyin Tirelar Da Za Ta Ja

GOMBE — Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar kewaye ta garin Gombe, daidai unguwar Barunde, a watannin kaka, zai ga irin nauyin da cinikin jihohin arewa maso gabas ya ɗora wa ƙafar mota. Tireloli ne ke wucewa ɗauke da masara da wake da siminti da takin zamani, a tsakankaninsu kuma ga ƙananan motocin a-kori-kura waɗanda aka jibga wa buhuna har bayansu ya kusa shafar kwalta, gabansu ya ɗaga sama. Tun da harkar jirgin ƙasa ta ja baya a layin dogon da ya iso Gombe a 1963 ya ƙarasa Maiduguri a 1964, kusan duk abin da ake lodawa a kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, ko a masana'antar siminti ta Ashaka, a kan taya yake fita.

Saboda haka sayen motar ɗaukar kaya ya zama ɗaya daga cikin manyan shawarwarin da ɗan kasuwa ke yankewa a wannan yanki, kuma galibi tambaya ɗaya ce ake yi wa dillali kafin a biya kuɗi, watau ko motar za ta ja. Amsar ita ce za ta ja. Injin dizal na zamani, idan aka sa shi a ƙaramar giya, yana iya motsa abin da ya ninka ƙa'idarsa. Abin da ke karya mai mota shi ne nauyin da ke zaune a kan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun mota na dama da na hagu, da kuma ko birki zai iya tsayar da abin da inji ya tayar. Waɗannan biyu ne dillali ba ya faɗa, mai saye kuma ba ya tambaya.

Kowace mota da ta fito daga kamfani tana da ɗan allon ƙarfe ko takarda da aka liƙa a jikin ƙofar direba ko a shasi. A kansa akwai iyakar nauyin motar tare da duk abin da ke cikinta, akwai iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka, a motoci da yawa kuma akwai iyakar nauyin motar da tirelarta idan an haɗa su. Abin da mota za ta iya ɗauka shi ne abin da ya rage bayan an cire nauyin ita kanta daga lamba ta farko, kuma a cikin wannan ragowar ne direba da yaran mota da mai da ƙarin taya da jak za su samu wuri. Ƙa'idar ita ce, duk lambar da aka fara kaiwa a cikin ukun, nan lodi ya ƙare, ko da sauran biyun na da sarari.

Darasi daga Amurka

Inda aka fi yin wannan lissafi dalla-dalla shi ne Amurka, domin a can talakawan gari masu hali, ba kamfanonin sufuri kaɗai ba, suna jan manyan tireloli da motocinsu na a-kori-kura. Akwai wata irin tirela ta yawon shaƙatawa wadda gabanta gida ne mai ɗakin kwana da kicin da bayi, bayanta kuma gareji ne da ake shigar da babura da ƙananan motocin shiga rairayi. Manyansu kan kai tsawon mita 13, nauyinsu da kaya kuma ya kai tan 9. Ba a ɗaura su a ƙugiyar bayan mota. Ana kafa wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar bodin a-kori-kura, daidai saman aksul na baya, sai wani gajeren turken ƙarfe da ke ƙarƙashin gaban tirelar ya shiga cikinsa ya kulle. Wannan faifai shi ne Turawa suke kira ƙafa ta biyar, sunan da ya samo asali tun zamanin keken doki, kuma shi ne dai wanda ke bayan kan kowace tirela da ke bin hanyar Gombe zuwa Bauchi, illa dai na can ƙarami ne.

Amfanin wannan haɗi shi ne tirela ba ta yawan lilo, kwana kuma ta fi sauƙi. Kuɗin da ake biya a madadin haka shi ne wani kaso mai yawa na nauyin tirelar yana sauka kai tsaye a bayan motar, tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Idan aka ɗauki kashi 20 na tan 9, an samu kilo 1,800 ke nan a kan turke, kafin a lissafa nauyin shi kansa faifan da na mutanen da ke cikin mota. A nan ne masu saye da yawa suke faɗawa rami. Takardar talla za ta nuna motar tana jan tan 9 ko fiye, kuma gaskiya ne, amma takardar da ke jikin ƙofa za ta nuna abin da za ta ɗauka bai kai nauyin turken ba. Shi ya sa masu manyan tireloli a can suke komawa ga motoci irin su Ford F-350 ko Ram 3500 masu taya huɗu a baya, ko da injinsu ɗaya ne da na ƙannensu. Abin da suke saye da ƙarin kuɗin shi ne aksul da taya da sifirin.

Wani abin lura game da irin wannan tirela shi ne, idan garejinta babu komai, nauyin da ke kan turke ya fi yawa, saboda an ƙera ta ne da tsammanin kayan baya za su rinjayi na gaba. Watau jimillar kaya ɗaya tana iya zama daidai ko ta zama haɗari, gwargwadon inda aka ajiye ta. Duk ɗan kamasho da ya taɓa jera buhuna ya san haka a aikace, sai dai ba kasafai ake tambayarsa ba.

Kamfanonin Amurka sun daɗe kowa na faɗin lambar da ta yi masa daɗi, har sai da ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fito da ma'auni ɗaya mai lamba J2807 a 2008, wanda manyan kamfanonin suka runguma wajejen 2015. Cikin gwajin akwai hawan wani tudu mai tsawon kimanin kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, da cikakken lodi, a zafin da bai gaza digiri 38 ba. Zafin Gombe a watan Afrilu yakan wuce haka.

A-kori-kura a gida

Babu mai jan gidan shaƙatawa a Barunde, amma lissafin bai canza ba. Tun zamanin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya wadata ƙasa da irinsu, har zuwa Toyota Hilux ta yau, motar a-kori-kura abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, ko ɗan sama da haka. Buhun masara na kasuwa ana lissafa shi kilo 100, sau da yawa ma ya fi. Buhu 10 ke nan, ban da direba. Wanda ya loda 20 ya ninka ƙa'ida, wanda kuma ya bar fasinja suka hau saman buhunan ya ƙara wa motar matsala ta biyu, domin nauyi ya koma sama, a kwana kuma nauyin sama shi ke kifar da mota.

Dangane da ja kuwa, alƙaluman wani samfurin Hilux mai ƙofa huɗu da aka sayar a Ostareliya daga 2020 sun isa misali. Kamfanin ya ce tana jan tirela mai birkin kanta har kilo 3,500, iyakar nauyin haɗin motar da tirela kuma kilo 5,850. Idan aka cire na farko daga na biyu, saura 2,350, motar kuwa ita kaɗai ta haura kilo 2,000. Abin da ya rage bai wuce direba da mutum biyu ba. Ma'ana, ba a cika tirela a cika bodi a tafiya ɗaya. Idan kuma tirelar ba ta da birki, kamar yawancin waɗanda masu walda ke haɗawa don ɗaukar janareto ko tankin ruwa, iyakar ta faɗo zuwa kilo 750 kacal. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 2,000 tan biyu ne da ke tura mota daga baya a duk gangara, ba tare da wani abin da zai riƙe shi ba sai birkin da aka yi don mota ita kaɗai.

Maganin da aka saba yi shi ne a kai mota gareji a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku. Wannan yana hana baya zaunawa, ido ya ga mota ta miƙe, amma bai ƙara wa aksul kauri ba, bai ƙara wa birki faɗi ba, bai canza lambar da ke jikin taya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da a da take gargaɗin mai lodi.

Kai da bodi

A manyan tireloli ne kuɗin ya fi yawa, kuskuren ma ya fi tsada. Yawancin kawunan tirela na hannu da ake shigowa da su daga Turai, irin su DAF da MAN, masu aksul biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. An ƙera su ne bisa dokar Tarayyar Turai ta 1996, wadda ta sa iyakar tan 40 ga kai da bodi masu aksul biyar, da tan 11.5 ga aksul ɗin da inji ke juyawa. Irin wannan kai iyakar nauyinsa tan 18 ne, shi kansa kuma yana da kimanin tan 7 zuwa 8, saboda haka abin da faifansa zai karɓa daga bodi bai wuce tan 10 zuwa 11 ba.

To sai a zo da shi a haɗa da bodi mai aksul uku da aka ƙera a gida da ƙarfe mai kauri. Lodin siminti da aka sani shi ne buhu 600 mai kilo 50, watau tan 30, amma lodin buhu 900, tan 45, ba baƙon abu ba ne a hanyoyin Nijeriya. Idan aka ɗauka bodin kansa tan 9 ne, jimilla ta zama 54, idan kuma sulusin wannan ya sauka a kan turke, tan 18 ke nan a inda aka tanadi 11. Kusan dukkansa yana kan aksul ɗaya mai taya huɗu. Tayar tirela mai lamba 315/80R22.5, wadda aka rubuta wa 156/150 a gefe, tana ɗaukar kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, kilo 3,350 idan an jera ta bibbiyu. Huɗu sun ba da kilo 13,400. Sauran nauyin babu mai ɗaukarsa sai sa'a, kuma taya mai nauyin da ya wuce ƙima zafi take tarawa har ta fashe, musamman a kwaltar bazara.

Kai mai aksul biyu a baya, wanda yake da taya goma, shi ne ya dace da irin wannan bodi, domin yana raba nauyin turke a kan taya takwas. Ya fi tsada, ya fi shan mai kaɗan, shi ya sa mai ƙaramin jari ke kauce masa, amma arha ce irin wadda ake biyan cikonta a wurin bakanike.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Na farko, turken bodi iri biyu ne, mai kaurin inci 2 da mai inci 3 da rabi, kuma dole bakin faifai ya zama na girman turken. Turke ko baki da ya cinye yana barin bodi ya riƙa bugun kai a duk tashi da tsayawa, ƙarshensa kuwa rabuwa ne a tsakiyar hanya. Na biyu, tsayin faifai daga ƙasa. Idan kai ya fi bodi tudu, bodin zai karkata baya, aksul na ƙarshe ya sha nauyin 'yan uwansa. Idan ya fi shi ƙasa, nauyin ya zubo gaba. Mai mota zai ga tayoyin layi ɗaya suna cinyewa kafin saura, ya zargi mai sayar da taya, alhali laifin na awo ne.

Birki kuwa shi ne inda maganar ta bar hannun mai mota ta shafi jama'a. Birki yana aiki ne ta hanyar mayar da gudu zafi, kuma zafin yana ƙaruwa daidai da nauyi. Garin Gombe yana cikin kwari, wanda ya taho daga Bauchi gangarowa yake yi, hanyar Yola kuma ta Kumo da Billiri da Kaltungo tana da hawa da sauka. A watan Afrilu na 2025 wata babbar mota ɗauke da hatsi ta afka wa masu jerin gwanon bikin Ista a Billiri, mutane biyar suka rasu, 'yan sanda suka danganta abin da tsinkewar birki. Kowane irin dalili ne ya jawo wancan, ya nuna abin da ke faruwa idan babbar mota ta rasa abin tsayawa a cikin gari.

Ribar da ake gani da asarar da ba a gani

Ba daidai ba ne a ce masu lodin wuce ƙima ba su iya lissafi ba. Kuɗin tafiya ɗaya, watau albashin direba da na yara, kuɗin tasha da na ƙungiya, da abin da ake kashewa a shingayen hanya, kusan ɗaya ne ko an loda buhu 600 ko 900. Man dizal yana ƙaruwa, amma ba da rabi ba. Saboda haka ƙarin buhu 300 yana kama da riba tsantsa, musamman tun da farashin dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022. Wannan ribar a hannu ake karɓarta ranar sauke kaya. Asarar ita ce take zuwa a hankali, a taya da kuloci da sifirin da giyabos da shasin da ya tsage, da kwanakin da mota ke yi a kwance ba ta kawo ko kwabo. Kusan duk waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 farashinsu ya bi dala. Lissafin da ya yi daidai shi ne na kuɗin ɗaukar tan ɗaya a kilomita ɗaya cikin duk rayuwar motar, amma kaɗan ne daga masu mota ɗaya ko biyu suke ajiye littafin da zai nuna musu wannan.

Bugu da ƙari, ribar ba ta daɗewa a aljihun mai mota. Idan kowa a tasha yana loda 900, kuɗin dakon buhu yana faɗuwa har ya daidaita da 900, sai mai kaya ya kwashe sauƙin, wanda ya tsaya a 600 kuma ya kasa samun lodi. Wannan ne ya sa wa'azi ga direbobi bai taɓa magance matsalar ba.

Akwai kuma kason asarar da mai mota ba ya biya ko kaɗan. Gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da aksul ke yi wa kwalta tana ƙaruwa ne da ninki huɗu na lissafi, watau idan nauyi ya ninka sau biyu, ɓarna ta ninka sau 16. Tirelar da ya kamata ta tsaya a tan 51, idan ta kai 62, ƙarin nauyinta bai wuce kashi 22 cikin 100 ba, amma cin hanyarta ya haura ninki biyu. Kuɗin gyaran yana fitowa daga baitulmali, jinkirin ramuka kuma yana hawa kan kowane ɗan kasuwa, har da wanda bai taɓa mallakar mota ba.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Yarjejeniyar sufurin ƙasa da ƙasa ta ƙungiyar ECOWAS ta 1982 ta sa iyakar tan 11.5 ga aksul. Ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa sun fito da ƙa'ida mai lamba 14 a 2005, wadda ta sa tan 51 ga kai da bodi masu aksul shida, ta kuma wajabta wa duk tashar ruwa ko masana'antar da ke fitar da kaya fiye da tan 200,000 a shekara ta kafa sikelin auna motoci. ECOWAS ta bi sahu da ƙarin doka a 2012, Nijeriya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin nauyin manyan motoci a 2018. A ɓangaren mai, hukumar da ke kula da rarraba man fetur ta hana lodin tankokin lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025, bayan munanan gobarar tanka a Majiya ta jihar Jigawa da mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Wannan mataki na ƙarshe ya fi sauran alamar tasiri saboda dalili ɗaya: a wurin lodi ake aiwatar da shi. Depo da masana'anta da babbar kasuwar hatsi ƙidayayyu ne, ana iya sa musu ido, saɓanin dubban kilomitoci na hanya inda jami'in hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ba shi da sikeli sai ido.

Ga ɗan kasuwar da ke shirin sayen mota, tsarin da ya fi tsare jari shi ne ya fara da kayan, mota ta biyo baya. Ya san tan nawa zai riƙa ɗauka a mafi nauyin tafiyarsa, ba a matsakaiciya ba, ya ƙara nauyin bodi, ya fitar da kason da zai sauka a kan turke, sa'an nan ya nemi kan da allon jikinsa ya wuce wannan lamba da ɗan sarari. Motar hannu da aka goge wa allo, ko aka yi wa shasinta walda, farashinta ya kamata ya nuna haka. Ya karanta lambar nauyi a gefen taya, da lambobi huɗu na ƙarshe masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya tabbata kuma igiyoyin iska biyu na birki suna kai wa kowane aksul na bodi aiki, domin akwai bodin da ke yawo da rabin birkinsa a toshe. Kafin a kammala biya, gara a loda motar sau ɗaya a hau da ita sikeli irin na masana'antar siminti ko kamfanin casar shinkafa, a auna gaba daban, bayan kai daban, bodi daban, a riƙe takardar awon a gwada ta da lambobin da ke jikin ƙofa.